Barcin Baba Ilu a Arfa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata ranar Arfa ba, ko da na so in manta, domin waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu, kuma ba su da niyyar barina in huta. Har yau akwai sunan da ake kirana da shi a asibitinmu idan na juya baya. Na san sunan, na san wanda ya ɗauko shi tun daga Makka, na kuma san ni na jawo wa kaina. Gara in ba ku labarin da bakina, tunda ko na yi shiru wani zai ba ku, kuma zai ƙara masa gishiri.

Ni nas ce, na daɗe ina aiki a ɗakin maza na babban asibitin garinmu. A shekarar da sunana ya fito cikin tawagar ma'aikatan lafiya da za su raka alhazan jiharmu, sai da na taka rawa a tsakar gida, yarana suna kallona. A zatona hutu ne ya same ni, ga Hajji a sama. Ɗawafi safe da yamma, in ɗan auna jinin tsoho ɗaya ko biyu, in wuce kasuwa. (Har madubi na tsaya ina zaɓen haƙorin da zan sa wa gwal, Allah ya yafe min.) Abokan aikina da suka taɓa zuwa, duk wadda na faɗa wa sai ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Na ɗauka hassada ce kawai.

A sansanin alhazai, muna jiran jirgi, wata mata ta zo ta durƙusa a gabana da leda a hannunta. Malamar firamare ce, sunanta Hadiza. Ta nuna min wani tsoho dogo mai farin gemu da ke zaune a kan jakarsa yana ba mutane labari suna ta dariya. Mahaifinta ne, Baba Ilu, tsohon direban babbar mota. Zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafunsa suna kumbura, kuma ledar nan magungunansa ne. Ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu ya haƙura da tafiyar, ya ce ko a makara sai an kai shi.

"Sista, amana ce na ba ki," in ji ta, idonta cike da hawaye. "Shi kaɗai ya rage mana. Mu dai ki dawo mana da shi."

Da a ce ina da hankali, da sai in ce mata Allah ya dawo da mu lafiya gaba ɗaya. Amma a lokacin sabuwar rigar tawaga ce a jikina, ga katin shaida yana lilo a wuyana, ina jin kaina kamar ni ce zan tuƙa jirgin. Na dafa kafaɗarta na ce, "Kwantar da hankalinki. Ko a bayana zan goyo shi, sai na dawo miki da shi." Ko in sha Allahu ban ce ba.

Da muka sauka Makka na gane abin da ake nufi da Allah ya ba ki haƙuri. Shekarun nan ne da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar zafi. Asibitinmu wani ɗaki ne a ƙasan masaukin alhazai, mu 'yan kaɗan, marasa lafiya kuwa layi har bakin titi. Ga tari da ya kama kowa, ga tsofaffin da suka ɓatar da takalmi suka taka kwalta ƙafarsu ta saluɓe, ga masu ciwon suga da suka ɓoye ciwonsu tun daga gida don kada a hana su tafiya. Wasu sai sun faɗi muke sanin abin da ke damunsu. A makon farko muka rasa wata tsohuwa, ta zo da ƙafarta tana cewa jiri take ji, ba ta fita da ƙafarta ba. Masallacin Ka'aba da na zata zan riƙa kwana a ciki, sai in yi kwanaki ban gan shi ba, sai dai in hango ƙarafunan ginin da ake yi kewaye da shi daga tagar bene.

Kowa da yadda ya jure. Wata abokiyar aikina kuka take shiga banɗaki ta yi, ta wanke fuska ta fito. Likitanmu shiru ya koma yi, sai ka yi masa magana sau uku. Ni kuwa faɗa na kama. Daman tun a gida ba a san ni da sanyin baki ba, to a can sai abin ya ninka. In na yi kewar yarana sai in yi wa wani faɗa. In ƙafata ta yi tsami don tsayuwa sai in yi wa wani faɗa. Na gano cewa muddin ina ɗaga murya, ba ni da lokacin jin tsoro, kuma gaskiyar magana tsoro nake ji ƙwarai, kada a wayi gari in ga wani ya mutu a hannuna saboda abin da na manta.

Wanda ya fi kowa shan faɗan nan shi ne Baba Ilu, kuma shi ne wanda faɗan bai taɓa damu ba. Tun a jirgi ya raɗa min suna jikalle, ya ce da ya san akwai irina a tawagar da ya taho da lefe. Cikin magungunansa akwai wata ƙwaya fara ƙarama mai rage ruwan da ke taruwa a jikinsa. Aikinta ke nan, amma tana sa mutum yawan fitsari, kuma a nan muka saɓa. Shi so yake ya yi alwala ɗaya ya shiga masallaci ya zauna yana kallon Ka'aba har la'asar. Da ƙwayar nan a cikinsa kuwa, kafin ya gama zama ya tashi neman banɗaki, ya ratsa dubban mutane, ya yi layi, ya dawo ya tarar an cinye wurinsa.

"Jikalle," in ji shi, "na yi shekara hamsin ina zagaya duniya a mota don in zo nan. Yanzu na zo, ke kuma kin ce in zagaya banɗakunan Makka?"

Sai ya ɓullo da dabara. Da ya ji takuna a baranda, sai ya miƙe a katifa ya rufe ido, ya haɗe hannu a ciki, ya yi lamo. Ba ya ko munshari, ya fi ƙarfin wannan. Abin da ke tona masa asiri wani ɗan murmushi ne da ke maƙale a gefen bakinsa, wanda ya kasa ɓoyewa. Abokin ɗakinsa, Alhaji Tanko, wani dattijo mai sanyin hali, shi ne ɗan kanzaginsa. Da na shigo zai ce, "Sista, yanzun nan barci ya ɗauke shi." Ni kuma in tsaya a kansa in yi ta zuba, in kira sunan Hadiza, in kira amana, in kira Allah da Annabi, har sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Au, jikalle, yaushe kika shigo?" Sannan ya karɓa ya haɗiye, ko kuma ya nuna ya haɗiye.

Wata rana ya ɓace gaba ɗaya. Da na matsa wa Alhaji Tanko ya ce ya tafi unguwar Mansur cin tuwo. Na bar layi na tari tasi, raina a ɓace. Na same shi a wani ɗan shago, zaune a tabarma gaban tuwo da miyar kuka da ganda, miyar da tun daga ƙofa za ka san gishirinta ya ji. (Mutumin da aka hana gishiri ke nan.) Da ya hango ni, wallahi, da lomar tuwo a hannunsa ya jingina da bango ya rufe ido. Mai abincin, wata Hajiya Maryama wadda a Makka aka haife ta, kakanninta ne suka zo ta Sudan, ta riƙe ciki tana dariya.

"Halas, ya Sista, ki bar shayib ɗin nan ya ci," in ji ta da Hausarsu mai gauraye da Larabci, wato in ƙyale tsohon. "Miskin ne, wallah. Kullum in ya zo labarinki yake ba mu."

"Kullum?" na ce. "Ashe ba yau ya fara ba?"

Ta kama bakinta. Baba Ilu bai motsa ba, sai murmushin nan da ya ƙaru.

Ana saura 'yan kwanaki a fita Mina, ƙafafunsa suka yi suntum, numfashinsa ya fara yin sama in ya hau bene. Likita ya duba shi ya ce a kai shi babban asibiti a kwantar. Ranar ce kaɗai na ga Baba Ilu ba ya wasa. Na yi masa bayani cewa ko an kwantar da mutum, ranar Arfa ana ɗaukar marasa lafiya a mota a kai su filin don kada aikinsu ya ɓaci. Ya girgiza kai.

"A kwance, da roba a hanci, ina kallon rufin mota? A'a, jikalle. Da ƙafata nake so in taka Arfa, in ɗaga hannuna cikin mutane. Ki taimake ni. Ki ce wa likita za ki kula da ni."

Ya riƙe gefen hijabina kamar yaro. Ni da ke taƙama ba a juya ni, sai ga shi na koma wurin likita ina roƙo. Muka yi yarjejeniya da tsohon, zai sha ƙwayarsa a gabana kowace safiya, ya buɗe baki in gani, ni kuma ba zan bari a kwantar da shi ba. Likita ya dube ni ya ce, "Ke kika ɗauka." Na ce na ɗauka. Amana biyu ke nan na ɗora wa kaina, ta 'ya da ta uba, kuma ban tsaya na lura cewa ba hanya ɗaya suka nufa ba.

Ya cika alkawari har zuwa safiyar Arfa. Da muka sauka daga motoci rana ta riga ta fara cizo, na je tantinsu na maza da ƙwayar da gorar ruwa. Yana zaune cikin haraminsa, farare biyu, kansa a buɗe kamar sauran maza, fuskarsa tana ta sheƙi. Ya kalli ƙwayar ya kalle ni.

"Yau dai ki yi haƙuri. Yini ɗaya ne tak a rayuwata. Kin ga layin banɗakin can? Ba a can zan ƙare Arfata ba. Ki bari sai yamma."

Na buɗe baki ke nan zan fara, aka ƙwala min kira wata mata ta faɗi a tantin mata. Na nuna shi da yatsa na ce, "Zan dawo, Baba. Kada ka ga na tafi." Ya ce, "Allah ya dawo da ke lafiya, jikalle."

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi dalla-dalla. Zafi ya riƙa kayar da mutane ɗaya bayan ɗaya. Muna zuba musu ruwan ƙanƙara, muna neman jijiya a hannuwan da suka bushe, muna rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙarfen tanti. Ko'ina ka juya Labbaika ake yi, mutane suna kuka suna roƙon Allah, ni kuwa abin da ke fita bakina shi ne a matsa a ba ta iska, wa ya ɗauke almakashina. Ni ma fa da niyyar Hajji nake, kuma an sha faɗa mana mai aikin Hajji ba ya jayayya. Azahar da la'asar a gaggauce na haɗa su da safar hannu a aljihu. Daga nan na bi motar asibiti da wani mutum da ya daina gane mutane, na miƙa shi, na dawo a ƙafa domin hanya ta cushe. Sai da rana ta karkata, lokacin da kowa ya duƙufa da addu'a, na sa hannu a aljihu na ji ƙwayar Baba Ilu a cikin 'yar takardarta.

Ban ci komai ba tun asuba, ƙafata ta yi bororo, kuma ban yi wa kaina addu'a ko guda ba a ranar da na yi shekaru ina mafarki. Duk wannan haushin na tattara na nufi tantinsu da shi.

Na ɗaga labule na shiga ko sallama ban yi da kyau ba. Maza sun yi da'ira a zaune, shiru, wasu da carbi, wasu sun sunkuyar da kai. Ban yi mamaki ba, yammacin Arfa ne, kowa da abin da ke ransa. A tsakiyarsu ga Baba Ilu a miƙe a kan shimfiɗa, an gyara masa haraminsa tsaf, hannuwansa a gefe, idonsa a rufe, fuskarsa a buɗe. Kuma ga ɗan murmushin nan a gefen bakinsa. Wallahi yana nan, ban ƙirƙira ba.

"To, sannu da barci!" na ce, da muryar da na san ta kai tanti na gaba. "Har a Arfa ma? Tashi, Baba, na san kana jina!"

Alhaji Tanko ya ɗago, idonsa jajur. "Sista..."

"Alhaji, don Allah kada ka sa min baki. Kai ne kake ɗaure masa gindi tun a masauki. Yanzu ma cewa za ka yi barci ya ɗauke shi, ko?"

Ya sunkuyar da kai. Akwai wani Malam Nura a wurin, magidanci ɗan ƙasarmu da ke karatun addini a Makka, yana zaune da iyalinsa a unguwar Shisha, shi aka haɗa da alhazanmu yana yi musu jagora. Ya yunƙura zai tashi yana cewa, "Hajiya, ki saurara," na ɗaga masa hannu kamar mai tsayar da mota.

"Malam, wannan ba fagenka ba ne. Ka ji da wa'azinka, in ji da majinyacina."

Na juya kan tsohon na ci gaba. Na ce masa mutane suna can suna mutuwa da gaske, shi yana nan yana min mushen ƙarya. Na ce na bar 'ya'yana a gida na zo ina bin sa Mansur kamar wadda ta haife shi. Na ce in mutuwar yake so ya bari mu koma gida ya yi ta a gaban 'yarsa, ba a hannuna ba. Ina jin wani yana salati a bayana, wani yana cewa subhanallahi, na ɗauka kaifin bakina ne ya dame su, har wani daɗi na ji. Na ɓare takardar, na durƙusa a gefensa, na faɗi maganar da za ta bi ni har kabarina.

"Wallahi yau ko gawa ce kai, sai ka haɗiye ƙwayar nan!"

Na kama hannunsa don in tayar da shi zaune. Hannun bai yi sanyi ba, a wannan zafin ba abin da ke sanyi. Amma ya yi nauyi irin wanda na sani, nauyin hannun da mai shi ba ya taya ka ɗagawa. Yatsuna da kansu suka gangara wuyan hannun suna nema. Na danna, na matsa gaba, na sake dannawa. Na kai hannu wuyansa. Na kalli ƙirjinsa, abin da ya kamata in fara kallo tun daga bakin ƙofa, abin da ake koya wa ɗaliba a shekararta ta farko.

"Sista," in ji Malam Nura a hankali, "Baba ya rasu tun bayan sallar azahar. Mun aika a nemo ki, aka ce kin bi mota. Likitocin nan ƙasar sun zo sun duba shi, motarsu muke jira."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Abin da na iya cewa, kuma shi ma da faɗa-faɗa ya fito, shi ne, "To me ya sa ba ku rufe shi ba?"

Domin a gida, ko a ɗakin asibiti ko a tsakar gida, da rai ya fita abin da ake fara yi shi ne a ja zane a rufe fuska. Na ga haka ya fi a ƙirga, ni kaina na ja zanen nan ba adadi. Tun daga nesa in ka hango an rufe mutum har kai, ka san ka yi shiru. Ashe Alhaji Tanko ya ja haramin ya rufe shi, Malam Nura ya yaye. Ya yi musu bayani cewa namijin da ya rasu cikin harami ba a rufe masa kai, ba a sa masa turare, a haka ake binne shi, domin ana fatan a haka zai tashi yana Labbaika. Dattawan suka ɗan yi gardama, suka ce ba haka suka saba ba, daga baya suka bar shi a buɗe. Ya sake yi min bayanin da tausasawa, ni kuwa ina jin sa kamar daga cikin rijiya.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Maza wajen talatin suna kallon ƙasa don kada su haɗa ido da ni. Na duba bakin tanti na ga mutanen maƙwabta sun taru, muryata ce ta kira su. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, a ƙarƙashinta kuma wani abu da ya fi kunya ciwo. Na so tsohon nan. Sai a lokacin na sani, kuma abin da na yi masa sallama da shi ke nan.

Ban tashi na gudu ba. Na ja jiki gefe na zauna a wurin da mace ba ta da dalilin zama, ba wanda ya ce in fita. A nan na yi ragowar Arfata. Mutane suna roƙon aljanna da arziki da shiriyar 'ya'ya, ni kuwa ban iya haɗa addu'a ko ɗaya ba sai, "Baba, ka yafe min," ina maimaitawa a zuci. Da motar ta zo aka ɗauke shi, na buɗe tafin hannuna na ga ƙwayar ta narke da gumi, ta zama ɗan farin gari.

A Makka aka yi masa sallah aka binne shi. Malam Nura ne ya yi ta zirga-zirgar takardu, Alhaji Tanko kuma shi ya kira gida ya faɗa. Ni da na iya yi wa gawa tsawa a gaban jama'a, na kasa ɗaga wayar mace ɗaya. Hadiza ta yi ta kira a kwanakin Mina, ina ganin sunanta sai in kifa wayar in ce aiki ya yi yawa. Aikin kuwa ya yi yawa, amma ba shi ne dalili ba. Sauran makonnin na yi su ba faɗa, har likita ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Haƙorin gwal ko ta kansa ban bi ba.

Da muka dawo, labarin ya riga ni sauka daga jirgi. Direban motar asibitinmu da muka je tare shi ya baza shi, kafin in koma aiki an riga an raɗa min Sista Ko-Gawa. Wannan zan iya ɗauka. Abin da ya hana ni barci shi ne jakar Baba Ilu da jarkar zamzam ɗinsa, waɗanda Alhaji Tanko ya ce ni ya kamata in kai. Sai da suka yi kwanaki a bayan ƙofata kafin na iya.

Hadiza ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa, na yi mata ta'aziyya ina kallon yatsun ƙafata. Ta buɗe jakar ta ciro ledar nan da ta ba ni a sansani, da sauran magani a ciki. Ta daɗe tana juya ta.

"An ce likita ya so a kwantar da shi, ke kika roƙa a bar shi."

"Haka ne."

"Da an kwantar da shi, da yanzu yana nan?"

Na shirya amsoshi tun a hanya, masu daɗi, irin su kwanansa ne ya ƙare. Amma na riga na yi mata ƙarya mai daɗi sau ɗaya a sansani. Na ce, "Ban sani ba, Hadiza. Wataƙila. Na tambayi likita, shi ma ya ce bai sani ba. Ya roƙe ni ne, na kasa hana shi. Na ce zan dawo miki da shi, ban dawo da shi ba."

Ba ta ce min "ba komai" ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ya samu Arfar dai?"

"Ya samu. Da ƙafarsa ya taka. Ya yi sallah cikin mutane, ya ɗaga hannu ya daɗe."

"Bai bar wata magana ba?"

Akwai maganar da Alhaji Tanko ya faɗa min a Mina, wadda ban faɗa wa kowa ba. Ya ce bayan sun idar da sallah Baba Ilu ya yi addu'a ya kira sunan 'ya'yansa da jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa. Ya miƙe, ya gyara haraminsa, ya yi kalmar shahada kamar yadda ya saba in zai kwanta. Har ya rufe ido sai ya buɗe ɗaya, ya ce, "Tanko, in jikallen nan ta zo, ka ce mata barci nake."

Na faɗa wa Hadiza haka. Ta zuba min ido, sai dariya ta kufce mata, ta toshe baki, dariyar ta juye kuka, ni ma na taya ta. Muka yi ta yi a kan tabarmar nan har maƙwabciyarta ta leƙo. Da za ta raka ni ƙofa ta ce, "Haka yake yi wa Inna har ta rasu. Ke ma ya same ki." Ba ta ce ta yafe alkawarin ba, ban kuma tambaya ba. Amma duk Sallah tana aiko min da nama.

Na koma ɗakin maza, bakin nan kuma ya dawo, ba zan yi muku ƙarya ba. Abu biyu ne kawai suka canja. Ba na ƙara yi wa kowa alkawarin dawo masa da kowa, ko daga ɗakin awo ne. Sannan duk majinyacin da na tarar ido a rufe, komai haushin da na shigo da shi, sai na fara kama wuyan hannunsa na ji jijiya tana bugawa. In tana bugawa, to, ya shiga uku.